Madu da Randa ta Uku

A Katuzu aka haifi Madu, nan kusa da Gashua, a gidan ƙarshe kafin a gangara fadama. Shi ne auta. Yayarsa Huseina ta ba shi shekara tara, kuma a bayanta ya girma, don ubansu masunci ne da ya rasu tun Madu bai iya ɗaura wando ba, uwarsu kuwa, Iya Zinariya, kullum tana gona.

Iya Zinariya tana da wata shinkafa da babu irinta a Katuzu. Ja ce, gajeruwar tsaba, kuma ba ta tsoron ruwa: in ambaliya ta hau taki ɗaya, ita ma sai ta miƙa wuya taki ɗaya. In ana dafa ta, mai wucewa ta bayan katanga yakan rage tafiya. Daga gidan uwarta ta zo da irin. Takan ba maƙwabta dafaffiya, takan ba su surfaffiya su je su dafa, amma shanshera, wadda ke cikin ɓawonta har za ta iya tsirowa, ba ta taɓa bari ta ƙetare ƙofar gidan ba.

Kowace kaka takan ware zangarniyar da ta fi cika, ta buge ta daban, ta cika randa uku, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakinsu da laka. Randa ta farko ita ake yafawa in damina ta zauna. Ta biyu tana jira ne ko shukar farko za ta lalace. Ta uku ba a buɗe ta a wannan shekarar ko me ya faru. Sai sabon iri ya shigo gida sannan a fasa lakar, a surfe ta, a yi tuwo a raba wa dangi. In kuwa gona ba ta ba da komai ba, ita ce irin baɗi.

Noman shinkafa a wannan fadamar a kan zaɓen rana yake rataye. In ka yi gaggawar yafa iri da ruwan farko, sama ta ɗauke, tsiron ya ƙone. In ka yi nawa, ambaliyar da ke gangarowa daga wajen Hadeja ta iske shukar ba ta yi tsawon da za ta fid da kai ba. A nan Allah ya yi wa Madu baiwa. Tun yana saurayi yakan tsuguna ya cusa hannu cikin ƙasa har wuyan hannu, ya damƙo ta ya shinshina, ya taka zuwa tashar Gashua ya tambayi direbobi inda ruwa ya kawo, ya dawo ya ƙara kwana biyu bai ce uffan ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai Iya ta sakar masa zaɓen rana. Sannu a hankali rabin unguwa suka koma kallon gonarsu. Ranar da aka ga Madu ya fita da ƙwarya a hannu, ranar kowa ke fita.

Waɗannan su ne shekarun da dangi suka fi son ba da labarinsu. Girbi ana cikin ruwa zuwa gwiwa, agwagin daji suna tashi garke-garke, Iya a kan tudu tana soya ƙananan kifin da yara suka kamo da hannu a tsakanin karan shinkafa. Madu, wanda shekara take fita ba a ji muryarsa sosai ba, ranar girbi kaɗai yake waƙa, kuma muryar ba daɗi gare ta ba. Mudi, taubashinsa, ɗan ƙanwar babansu, yakan toshe kunne ya ce, “Don girman Allah a ba shi tuwo ya rufe baki, kifi na gudu.”

Da Iya ta rasu, randunan suka dawo hannun Madu. Lokacin Huseina ta daɗe da aure a Nguru, tana sana'ar bandar kifi. Shi kuma ya auri Karima, suka zauna a gidan.

Da rani fadama ba ta riƙe mutum, don haka Madu ya bi sahun 'yan cin rani zuwa Nguru, ya shiga dako a kasuwar hatsi. Siririn mutum ne, ba a gina shi don buhu ba. 'Yan dako suka sa shi gaba: “Manomi, kai ke ɗauke da buhun ko shi ke ɗauke da kai?” Wani da ya ji tausayinsa ya nuna masa teburin mai shayin da ke jefa wata 'yar farar ƙwaya a kofi in an ɗaga masa yatsa biyu. Ranar Madu ya yi lodin mota uku bai zauna ba, bai ji yunwa ba, bai ji bayansa ba.

Daga baya ya sha faɗa cewa ba ƙarfin ne ya kama shi ba. Shi mutum ne da duk tsawon rayuwarsa sai ya juya abu sau goma a ransa kafin ya taɓa, kuma wannan juyawar nauyi ce da bai san yana ɗauke da ita ba sai ranar da aka sauke masa. In ƙwayar ta hau kansa, duk abin da ya duba sai ya ga amsarsa a fili, kamar an share masa hanya. Rani na farko a Nguru ya bar ta. Rani na biyu ma haka. A na uku ya dawo da ita Katuzu a aljihu, kuma ba ɗaya yake sha ba.

Karima ce ta raɗa wa kwanakinsa suna. Akwai kwanakin sama, akwai kwanakin ƙasa. A ranar sama ya ɗauki diga ya rushe bangon zaure, wai zai faɗaɗa shi ya fitar da shago. Kwana biyu bayan nan ya zauna a gefen ɓaraguzan ya haɗa kai da gwiwa, kuma har yau zauren rabin bango gare shi. A ranar sama ya shigo da 'ya'yan agwagi cike da kwando, a ranar ƙasa ya rabar da su, ya ce a hannunsa mutuwa za su yi. Manoman unguwa suka zo su ba shi jagorancin gayyar sare kachalla, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa, suka tarar da shi a ranar ƙasa, ya ce su nemi mutumin kirki. Jibin ranar ya same su a bakin masallaci yana faɗa, wai an tsallake shi an ba wani.

Abin da ya fi tsorata Karima shi ne a duka kwanakin biyu ba ya shakka. A sama ya tabbata babu abin da zai ɓaci. A ƙasa ya tabbata babu abin da zai gyaru. Mutumin nan mai cewa a dakata tukuna shi ne ya ɓace daga gidan.

Shekara huɗu da suka wuce aka yi ruwan farko mai ƙarfi, wanda ya cika kwatami har kwaɗi suka fito. Washegari da hantsi Mudi ya leƙo daga gonarsa ya hangi Madu yana yafa iri, da sauri kamar ana korarsa, har cikin wani fegin da ya share a gefe wanda ba a taɓa nomawa ba.

“Kai, Malam mai shinshina ƙasa! Yau ba a tsoma hannun ba?”

“Ba sai na tsoma ba. A jikina nake jin ta.”

“Ruwa ɗaya fa aka yi, ɗan kawu. Ɗaya tak. Ko jiƙon kanwa ya fi wannan daɗewa.”

“Daminar bana ta zauna, Mudi. Wallahi kamar a tafin hannuna nake kallonta. Je ka ɗauko naka, kar ka zo kana kuka.”

Sai a lokacin Mudi ya lura da randunan da ke gindin bishiya. Biyu ne, kuma duka bakinsu a fashe.

“Madu, waccan ba ta biyu ba ce?”

“Ita ce. Me take yi a ɗaki? Bana buhu talatin zan ɗauka, in sa duk garin nan ya ci jar shinkafa.”

Mudi bai yi dariya ba. Ya juya ya koma, kuma wannan ne karo na farko da bai bi shukar Madu ba.

Sama ta ɗauke kwana goma sha takwas. Irin ya tsiro kore shar, ya yi kwana biyar yana sheƙi, sannan ya fara nannaɗewa, ya koma ruwan ƙasa, iska ta kwashe. Da ruwa ya dawo, direbobi suna cewa ambaliya ta riga ta taso, saura 'yan kwanaki. Daga duk jar shinkafar Iya Zinariya, abin da ya rage a duniya randa ɗaya ce.

Karima ta buga wa Huseina waya. Huseina ta bar kifinta a kan wuta a hannun maƙwabciya, ta hau motar Gashua.

Ta tarar da shi a ranar sama. Idonsa ya yi ja, leɓensa ya bushe, yana zagaya tsakar gida da ƙaramar fartanya a hannu, wadda zai fasa lakar da ita.

“Yauwa, Yaya, gara da kika zo ki gani da idonki. Gobe zan yafa ta. Na lissafa komai, kwana ashirin take bukata ta fi ƙarfin ruwa.”

“Direbobi kwana nawa suka ce?”

“Rabu da direbobi, me suka sani? Wancan karon tsautsayi ne. Wannan ba yadda za a yi ta kuskure.”

“Auta, ajiye fartanyar nan ka sha ruwa.”

“Yaya, kar ki mai da ni yaro.”

“Ni na wanke maka kashi, ba sai na mai da kai ba. Ba ni kwana biyu. Jibi in ka maimaita mini, ni zan riƙe maka ƙwarya.”

Ta shiga ɗakin da randar take, ta shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa, ta zauna. Tana sane da abin da Karima ta gaya mata, cewa jibi wani mutum ne daban zai amsa. Fatanta shi ne wancan ya hana wannan.

Jibin ya zo. Ƙwayar ta ƙare masa, yana kwance a inuwar rabin bangon zaure, fuskarsa na kallon ƙasa. Ta tsuguna kusa da kansa.

“Ga ni. Me za a yi da randar?”

Bai ɗago kai ba ya ce, “Ku fasa ta.”

“A shuka?”

“A'a. Ku surfe ku dafa. Ku ba yara, su dai ɗanɗana su san kakarsu ta taɓa yin wani abu. Ai ta riga ta ƙare, Yaya. Ni na ƙarar da ita. Ko an ajiye zuwa baɗi, hannun nan ne dai zai taɓa ta.”

Huseina ta miƙe. Na sama ya ce a fasa, na ƙasa ya ce a fasa. Dalilinsu ne kawai ya bambanta. Ta aika aka kira Mudi, suka naɗe randar da tsofaffin buhuna, suka ɗora ta a a-kori-kura, ta rungume ta a cinya tun daga Katuzu, suka wuce Jajimaji, har Nguru. Duk ramin da motar ta faɗa sai ta ce, “Direba, a hankali, tsohuwa na ɗauko.”

Da Madu ya sake hawa sama ya tarar da ɗakin wayam, har Nguru ya bi ta. Ya tsaya a ƙofar gidanta yana ɗaga murya, ya ce ta sace gadon da ba nata ba, mace da ta yi aure ba ta da hurumi a irin gidan ubanta. Ba ta fito ba. Ta aiko masa da kunu a kwano, ya yi jifa da shi. A shekarar ba a girbe jar shinkafa a Katuzu ba, abin da ba a taɓa gani ba tun zuwan Iya garin. Wata tara ba su yi magana ba.

Amma iri ba ya jira har abada. Duk wata da ya wuce a cikin zafin nan, wata tsabar tana mutuwa a ɓoye. Huseina ta san haka, Madu ya fi ta sani. In ba a shuka ta a damina mai zuwa ba, randar za ta zama abinci ne kawai.

Cikin bazara Madu ya kwanta zazzaɓi, ya yi kwana tara bai iya zuwa neman ƙwaya ba. Kwanakin farko ya sha azaba, ya yi kuka, ya zagi kowa. A rana ta tara ya tashi da safe, Karima ta kawo masa ɗumame, ya ci loma biyu ya ce, “Gishirin nan ya ɗan yi yawa.” Ta tsaya tana kallonsa. Rabon da ya san ɗanɗanon abin da yake ci har ta manta.

Ya zauna yana sauraron kansa. Ba ya jin zai iya ɗaga duniya, ba ya kuma jin duniya ta danne shi. Ya tuna randar, ya tambayi kansa ko bana za a dace, ya ji bai sani ba. Rashin sanin nan ya yi masa daɗi kamar ya haɗu da tsohon aboki a kasuwa. Sai kuma tsoro ya biyo baya, don ya san kansa: wannan ranar baƙuwa ce, tana iya tafiya kafin Juma'a. In akwai abin da za a yanke, yau ne, kuma a yanke shi yadda sauran kwanakin ba za su iya warwarewa ba.

Ya biya ya ɗauki Mudi, suka hau mota. Huseina tana juya kifi a kan banda ta ga sun shigo. Ta dubi idon Madu da kyau, ta dubi hannunsa.

“Yaya, ki yafe mini kwanon kunu.”

“Kwanon ya lotse. Me ya kawo ka?”

“A fasa randar.”

Ta ajiye kifin. “Wanne ne a cikinku yau?”

“Ba ko ɗaya. Ɗebo tsaba ashirin kawai, a sa a jiƙaƙƙen buhu mu ga abin da ya rage da rai.”

Suka jira kwana huɗu, yana kwana a zauren mijinta, Mudi na biye da shi duk inda ya sa ƙafa, har bakin masallaci. Goma sha biyu suka tsiro. Madu ya sa aka juye randar a tabarma, ya raba shansherar kashi huɗu da hannunsa. Kashi ɗaya na Mudi. Biyu ya ambaci sunan wasu manoma, ɗaya gonarsa a kan tudu, ɗaya a can kwari wajen Karasuwa. Na huɗu nasa.

Huseina ta ce, “Ka san Iya ko ƙanwarta ba ta taɓa ba shanshera ba.”

“Na sani. Iya kai ɗaya gare ta, Yaya. Ni ba ni da tabbacin wanda zai tashi a shimfiɗata gobe. Kowa ya zaɓi ranarsa, kar wanda ya kalli gonata.”

Mudi ya ɗaure nasa a bakin riga yana murmushi. “Shekara talatin ina shinshinar tukunyarku ta bayan katanga. Ashe zazzaɓi nake jira.”

Huseina ta juya baya tana gyara wutar da ba ta bukatar gyara.

Abin da ya ji tsoro bai fasa zuwa ba. Kafin damina ta zauna ya koma wa ƙwayar, kuma makon da ya kamata a yafa iri ya same shi a ƙasa. Kullum sai ya ɗauki ƙwarya ya kai bakin gona ya dawo, yana cewa ko ya shuka ba za ta yi ba. Da ya yunƙura ya makara da kwana goma, ambaliya ta shanye kasonsa. Na mutumin Karasuwa tsuntsaye suka gama da shi. Na kan tudu ya ba da kaɗan. Na Mudi kuwa ya yi kyau har mutane suna tsayawa kallo.

Yanzu Madu yana da shekara arba'in da bakwai. Ya bar dako. Duk wata yakan je wurin wani ma'aikacin lafiya a Gashua, su zauna su yi magana, a ba shi magani. Sau biyu ya zame tun daga lokacin, sau biyu ya dawo. Jar shinkafar tana gonaki tara a Katuzu, ana kiranta 'yar Zinariya, kuma yawancin masu noma ta ba su taɓa ganin mai sunan ba. Babu wanda ke jiran ya ga ranar da Madu zai fita.

A kakar da gonar Mudi ta yi kyau ɗin nan, bayan an gama bugu, Madu ya yi sallama a ƙofarsa da buhu a naɗe a hammata. Mudi ya fito yana sakace.

“A'a, baƙo muka yi. Lafiya?”

“Iri na zo roƙo.”

“Wane iri? Muna da gero, muna da wake.”

“Mudi.”

“Au, jar? Ai mu gidan nan ba ma ba da shanshera. Sai dai in sa a dafa maka.”

Madu ya yi dariya har ya dafa bango, idonsa ya kawo ruwa, bai goge ba. Mudi ya shiga ya fito da kwano, ya auna masa shida, ya ƙara ɗaya a kai. Madu ya ɗaure bakin buhun, ya ɗaga ya ji nauyinsa. Sai ya mayar ya ajiye a gaban Mudi.

“Bar shi a wurinka sai damina.”

“To, ka zo ka ɗauka.”

“In na zo ina sauri, ina ce maka na tabbata, kar ka ba ni.”

“In ka zo kana jan ƙafa fa?”

“Shi ma kar ka ba shi.”

“To wa zan ba, ɗan kawu?”

“Za ka gane ni,” in ji Madu.

Mudi ya saɓa buhun a kafaɗa ya shige da shi ciki.